Ranar da Surukina Ya Ga Komai

"Baba, daga ranar Litinin ko allura ce ta faɗi a kamfaninmu, sai na sani kafin ta taɓa ƙasa."

Surukina ne ya faɗi haka, mijin 'yata ta biyu, yana zaune a falona ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A wurin aiki Na-Riga-Na-Sani suke ce masa a bayan ido, a gabansa kuwa Injiniya. Mutumin kirki ne, kada ka ɗauka zaginsa nake yi. Bakinsa ne kawai yake riga shi isa ko'ina.

Kamfaninsu na rarraba kayan gini ne. A'a, magunguna, don na tuna ya taɓa kawo mini na ciwon gwiwa. Yadda ya bayyana mini, manhajojin kwamfutarsu ba sa magana da juna kai tsaye. Akwai wata a tsakiya, kamar allon sanarwa na makarantar da na koyar shekara talatin da wani abu. In oda ta shigo, sai manhajar oda ta liƙa sanarwa. Manhajar sito, da yake ta yi rajistar jin irin wannan labari, sai ta buga takardar fitar da kaya. Kowace manhaja abin da ya shafe ta kaɗai take saurara.

To a makon ne manaja zai zaɓi shugaban sashen kwamfuta, tsakanin surukina da wata abokiyar aikinsa mai gilashi, wadda kan yini ba ta ce uffan ba. Shi kuwa har ya ɗinka sabuwar kwat.

Sai ya rubuta wata 'yar manhaja tasa. Ya yi mata rajistar kowace sanarwa, babba da ƙarama, tana turo masa a waya. Kuma duk wadda ta ji, sai ta koma allo ta liƙa "Injiniya ya gani", don manaja ya san wanda ke riƙe da kamfanin.

Mai gilashi ta leƙa aikin ta ce, "Injiniya, ka ware taka sanarwar daga cikin waɗanda kake saurara kuwa?"

"Malama, ni komai nake saurara. Bambancina da ke ke nan."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Litinin da safe, ko Talata ce, ya kira manaja har teburinsa ya kunna. Oda ta farko ta shigo, waya ta yi ƙara.

"Ka gani, yallaɓai? Ido ba ya barci."

Waya ta sake ƙara. Ta sake. Ai "Injiniya ya gani" ita ma sanarwa ce, manhajarsa kuwa ba ta barin kowace sanarwa ta wuce. Sai ta sanar cewa ya ga ya gani, ta ji wannan, ta sanar ya ga cewa ya ga ya gani. Wayar ta dinga karkarwa tana tafiya a kan tebur har ta faɗa kwandon shara.

Manaja ya ce, "Lafiya kuwa?"

"Kasuwa ce ta buɗe, yallaɓai. Ciniki ne."

Sai ga mai kula da sito ya hawo bene yana haki. "Yallaɓai, tun ɗazu ko takarda ɗaya ba ta fito ba. Mota bakwai na tsaye, direbobi har sun shimfiɗa kwali sun kwanta."

Odar mutane duk ta maƙale a layi, a bayan tarin sanarwar "Injiniya ya gani".

"Ƙaramin abu ne," in ji surukina. Ya liƙa sabuwar sanarwa cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. Manhajarsa ta ga wannan ma, layi ya zama biyu. Ya zaro wayar daga kwando ya kashe, ya karkaɗe hannu.

"Shi ke nan, na magance."

Mai gilashi ta ce, "Wayar ce ta yi shiru, Injiniya. Kai har yanzu gani kake yi."

Ta jawo kujera, ta cire masa rajista, ta share layin. Kafin ya gama goge gumi, injin buga takarda ya fara aiki a ƙasa.

Manaja ya tambaye ta, "Sanarwa nawa ya fitar?"

"Dubu ɗari huɗu da 'yan kai."

"Su wa suka yi rajistar jin su?"

Surukina ya gyara wuyan kwat, yana jiran ya ji sunaye.

"Mutum ɗaya ne, yallaɓai. Shi kansa."

Ba sai na gaya maka wanda aka ba kujerar shugabancin ba. Ni dai daga bakin mai kula da siton na ji duk yadda aka yi. Da 'yata ta zo gaishe ni na ba ta labarin, ina lallaɓawa don kada ranta ya ɓaci. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baba, ai a gida ma haka ne, shi ke faɗa, shi ke ji. Mu dai mai gilashi ce ba mu da ita."