Yadda Za Ka Sa Uwargida Ta Yarda Sifikun Falo Sun Mutu

Ɗan'uwa, in dai ka bi ni sau da ƙafa, na yi maka alkawari tsofaffin sifikun nan sai sun bar falonka. Tela maƙwabcina ya gwada, sun kuwa bari.

1. Gane lokaci ya yi

Kada ka saurari sifikunka, lafiyarsu ƙalau, nan matsalar take. Je ka gidan wani. Tela gidan wansa ya je kallon fim, jirgi ya tashi a talabijin, ya ji kujera na rawa a ƙarƙashinsa har ya duƙe kai. Ya dawo gida nasa jirgin kamar sauro. In ka ji wannan baƙin cikin, to lokaci ya yi.

2. Kada ka roƙa

Uwargida za ta ce ai suna magana. Tela ya roƙa, matarsa ta tambaye shi ko su ma yagewa suka yi.

3. Tara hujja

Kuna kallo, ka karkata kai, ka kama kunne, ka ce, "Me ya ce?" Ta faɗa maka, ka sake tambaya. Tela ya ƙware har labarai ma sai an maimaita masa. Masana sun tabbatar wadda ta gaji da maimaici ita ke raka miji kanti.

4. Riƙe wuta

Za ta fara kallonka da tausayi. Kada ka saki. Ta bayan kujera matar Tela ta lallaɓo ta kira shi a hankali, gogan ya yi mirsisi don kada aiki ya ɓaci. Ta fita tana share hawaye, shi kuwa har ya fara auna bango da tef ɗinsa.

5. Karɓi sakamako

Washegari ya dawo daga shago ya tarar da falo fayau, sai wayoyi na reto. Surukarsa ta kamo hannunsa, ta kafa baki a kunnensa ta kwatsa: "Sannu, ɗan nan! Mun ba wanka sifikun ya sa a kicin, tunda kai ba su da amfani gare ka!"

Tela ya rantse yana ji ras. Surukar da matarsa suka dubi juna, suka ce haka masu lalurar ke cewa.

Hattara: ni cewa na yi tsofaffin za su fita, ban ce sababbi za su shigo ba. Wanda abin ya ritsa da shi kada ya zo mini da ƙorafi. In ma ya zo, ni ma tun bara a gidanmu kurma nake.