Yadda Za Ka Sa A-kori-kurar Babanka Ta Ja da Ƙafa Huɗu a Tsakar Gida

Ɗan'uwa, in kana da tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, irin wadda ƙafafun baya kaɗai ke turawa na gaba suna bi kamar 'yan rakiya, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, ƙafafunta huɗu duk za su juya da ƙarfin inji, a tsakar gidanku, ba tare da bakanike ya ga ƙeyarka ba. Ka dai lura da abin da na ce: za su juya. Inda za su dosa magana ce ta gaba.

Kada ka tsaya tambayar inda na yi karatun kanikanci. Ni tela ne. Mutumin da ya taɓa kwance keken ɗinki ya mayar, har kusoshi suka yi masa ragowa, babu abin da zai gagare shi a harkar ƙarfe.

Mataki na 1: Nemo dalili mai nauyi

Ba mai barin ka ka farke motar da ke tafiya don nishaɗi kawai. Kana bukatar dalilin da zai rufe bakin kowa.

Ga nawa. Motar ta Baba ce, da ita ya yi jigilar kaya ya ciyar da mu har muka zama mutane. Yanzu ƙarfi ya tafi, ido ma yana bin sa. Likita bai ɓoye mana ba: ganin yana raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba bai roƙe mu komai ba sai abu ɗaya, a kai shi lambunsa na ƙetaren fadama ya ga mangwarorin da ya dasa da hannunsa, tun idon na da sauran aiki.

Da farkon damina muka gwada. Motar ta kafe a taɓo har ciki, ƙafafun baya suna ta ihu suna watsa laka, na gaba kuwa sun tsaya suna kallo. Sai da masu wucewa suka turo mu baya. Haka muka juya muka dawo gida.

Mataki na 2: Ƙi shawara mai sauƙi

Za a kawo maka ita, kuma daga bakin wanda ya girme ka. Ka shirya.

Yayata ta zo da yamma, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Auta, maƙwabcinmu mai tarakta ya ce gobe-goben nan zai kai Baba. A shimfiɗa katifa a tirela, shi ke nan."

A nan ne za ka miƙe tsaye ka dafa ƙirji. Na ce, "Haba Yaya! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyari, a ɗora shi bayan tarakta kamar buhun taki? Ina raye? A motarsa zai je, a kujerar gaba. Ku ba ni 'yan kwanaki."

"Ɗinki ne da za ka ce 'yan kwanaki?"

Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi ya gwada."

Riƙe kalmar nan ta 'yan kwanaki da kyau. Mu teloli mun san darajarta, roba ce, ba ta tsinkewa komai ja.

Mataki na 3: Yi karatu mai zurfi

Buɗe wayarka ka nemo bidiyon waɗanda suka taɓa yi. Za ka ga mutane a garejin da ya fi ɗakin kwananka tsabta, suna bayani da yaren da ba ka ji. Kada wannan ya dame ka. Duk inda suka tsaya dogon surutu suna nuna wani abu da yatsa suna girgiza kai, tura gaba. Inda ake bugun guduma, nan ilimin yake.

Mataki na 4: Sayo kaya

Abu uku kake nema a kasuwar tsofaffin kayan mota. Na farko aksul na gaba, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun biyu, mai wani tulu a jiki inda haƙoran giya ke zaune. Na biyu ƙaramin giyabos da zai raba ƙarfin inji gaba da baya. Na uku farfela, doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tulu.

Rataya tef ɗin awo a wuya, yana sa dillalai su shiga taitayinsu. Nawa dillalin ana ce masa Ba-Matsala, kuma ban daɗe ba na gane dalili.

"Wannan aksul ɗin daga wace mota aka ciro shi?"

"Daga mota mai kyau, maigida."

"Zai shiga tawa?"

"Ba matsala. In ya ƙi, ai ba ka rasa mai walda a unguwarku ba."

Na auna tsawonsa, na auna kaurinsa, na zana masa alli kamar zan yanka wando. Ya yi daidai ƙwarai. Gefen da tulun yake ne kawai ban duba ba, don ba a gaya mini tulu na da gefe ba.

Mataki na 5: Ɗora ta a kan bulo ka kwance

Zaɓi tsakiyar tsakar gida, daidai ƙarƙashin igiyar shanya, inda duk mai zuwa kicin sai ya kewaya. Ta haka iyalinka za su shaida kana aiki. Ari babbar robar wankin matarka ka zuba kusoshi, ƙaramar kuma ka tara baƙin mai. Kada ka nemi izini, maganar tana tsawo.

Matata ta tsaya a kaina, ni kuma ƙafafuna kaɗai ke waje. Ta ce, "Baban yara, masu ɗinki sun zo har sun gaji. Me zan ce musu?"

"Ce musu jibi."

"Jibin da ka ce wancan makon, ko wani sabo ne?"

Kullum da safe Baba zai sa a fito masa da kujera inuwar katanga ya zauna kallo. A farkon aikin shi ke ce mini, "Sifanar tana bayanka, jikin bulo." Da tafiya ta yi tafiya ya daina nuna mini sifana. Wata rana matata ta kawo masa ruwa, ya ɗago kai ya ce, "Wa ke nan?" Ina ƙarƙashin mota na ji. In irin haka ta same ka, ka ƙara ƙarfin guduma.

Mataki na 6: Juya abin da ya ƙi zama

Wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo.

Ranar haɗi na kira mai waldar layinmu, Tartsatsi. Muka tura aksul ƙarƙashin mota, sai ga tulu a dama, bakin giyabos da zai ba shi juyi kuwa a hagu. Farfela ta tsaya tsakani ba ta san wanda za ta bi ba. Tartsatsi ya tura tabaran walda goshi yana susar kai.

Ni ko a jikina. A wurinmu in ka yanka hannun riga na dama biyu bisa kuskure, ba ka kuka, kifa ɗaya kake yi ya zama na hagu. In yadin mai kyau ne mai riga ba zai taɓa ganewa ba. Na ce, "Kifa shi. Sama ta koma ƙasa, tulu ya dawo hagu."

Muka kifa. Tulu ya zauna daidai bakin giyabos, kai ka ce tare aka haife su.

Tartsatsi ya ce, "Maigida, ni dai ƙarfe biyu ake nuna mini in haɗa. Ka ce in liƙa?"

"Liƙa."

Ya liƙa, ya gyara sandunan sitiyari, ya ƙara wa sifirin da ke ɗauke da jikin motar tsayi don tulu ya sami wurin numfashi. Ranar har mamakin kaina na yi, na riƙa tunanin shekarun da na ɓata a kan allura.

Mataki na 7: Gwada a gaban shaidu

Kada ka yi gwaji a ɓoye, rashin yarda da kai ne. Kira yayarka, bar ƙofa a buɗe don maƙwabta, tabbatar matarka ta shanya fararen kaya.

Na tayar da inji, ya yi tarinsa na tsofaffi ya kama. Na ja sabuwar sandar ƙafa huɗu, na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci a hankali kamar mai abin arziki.

Alkawarina ya cika, ƙafafu huɗu suka juya. Na baya suka nufi gaba, na gaba suka nufi baya. Ashe shi aksul ba yadi ba ne, in ka kife shi juyinsa ma kifewa yake yi. Motar ta tsaya wuri ɗaya tana rawar jiki tana kururuwa, ta haƙa ramuka huɗu a tsakar gida, ta raba ƙasar tsakanin shanya da shaidu.

Da na kashe, matata ta goge fuska ta ce, "Baban yara, tafiya take yi ko dawowa?"

Maƙwabta suka yi dariya har da zama a ƙasa. Yaya kaɗai ba ta yi ba. Ta zagayo wajen taga ta yi ƙasa da murya: "Auta, ɗazu Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofi a gabansa, ya kama iska. Ka ji ni ko?"

Na ji ta. Dariyar mutane ba ta yi mini komai ba, na saba. Wannan maganar ce ta sa tsoro ya kama ni.

Mataki na 8: Cire farfelar gaba

Kusoshi kaɗan ne, ba ya ɗaukar lokaci. Kwance ta ka wurga a bayan mota. Yanzu motarka ta koma daidai yadda take kafin ka fara, sai dai ta fi nauyi, ta fi tsayi, sitiyarinta kuma sai ka haɗa da kafaɗa. Kada ka gaya wa kowa. Sandar ƙafa huɗu tana nan a mazauninta, tana motsi gwanin kyau, ba ta dai haɗe da komai.

A bakin ƙofa za ka tarar motar ta fi ƙofar gidan tsayi, don duk awon da ka yi ba ka auna wannan ba. Sace iskar tayoyi, ta fita a durƙushe, ka tura ta wajen mai faci.

Mataki na 9: Ci nasara a kan taɓo

Hanya mafi inganci ita ce ka daɗe kana aiki har damina ta wuce.

Washegari da safe na sa Baba a kujerar gaba, Yaya a gefensa. Fadamar da ta haɗiye mu ta bushe ƙayau har ta daddare. Wani mai keke ɗauke da buhu ya wuce mu yana fito. Duk da haka, da muka iso inda muka kafe, na tsaya na ja sandar nan da ƙarfi don a ji ƙararta, sannan muka haye.

Baba ya ce, "Madalla. Ka ji ƙarfi."

Yaya ta juya fuska wajen taga.

Mataki na 10: Kai shi

Wannan matakin ba ni da dabara a kansa.

Na riƙe hannunsa muka shiga lambu. Ya tsaya ya ɗaga kai, ya daɗe yana duban sama, yana juya fuska hagu da dama. Sannan ya ce, "Akwai inuwa. Sun girma ke nan." Ya laluba har ya sami gindin ɗaya ya dafa, ya shafa ɓawon, ya tsinko ganye ya murza ya sansana. Ni kuwa ina tsaye da baƙin mai a farce, ina tuna cewa ranar da aka yi maganar tarakta yana iya hango sifana daga jikin katanga.

Na ce, "Baba, da na bari..."

"Farfelar da ka wurga a baya," in ji shi, "tun daga gida take gangara tana dukan bodi. Ko tsumma ka naɗa mata."

Na waiwaya wajen motar.

"Bar wannan. Kai tela ne. Gaya mini launin ganyen."

Sai na duba. Na ce na ƙasa kore ne mai duhu, mai sheƙi kamar an goge. Na tsakiya kore ne mai haske, irin zaren da ke wuyar samu. Can sama kuma akwai sabon toho, ja-ja mai ruwan ƙasa, laushinsa har ya rataye, in iska ta taɓa shi sai ya koma ruwan zuma. Na bi su bishiya bishiya ban tsallake ko ɗaya ba, shi kuma yana gyaɗa kai. Tunda aka fara wannan aiki, ranar kaɗai aka tambaye ni abin da na sani.

Ya ce, "Yawwa. Haka suke yi. Na gani."

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da alhakin ramuka a tsakar gida, ko robar wanki da ba za ta sake fita ba, ko masu ɗinki da suka koma wani shagon, ko motar da ta rasa gabanta da bayanta. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, kada ya zo shagona da ƙorafi. In kuma tsohonka ya ce a kai shi ya ga wani abu, aka ce ga tarakta gobe, ban taɓa ce maka ka ƙi ba, ko da ka ga kamar na rubuta haka a sama.

Masu tambayar ko zan sayar da farfelar gaba su haƙura. Tana bayan mota, ba tsumma ba komai. Baba ya canza shawara ya hana a taɓa ta, wai da ƙararta yake gane na shigo layi.