Sallau da Buhun Kabon

Wani mutum ne can arewa, gab da iyakar Nijar, ana ce masa Sallau Tafireta. Shekara talatin ya yi yana buga wa mutane takardu a bakin kotu, sai ya ɗauka duk ilimin duniya ta ƙarƙashin yatsunsa ya wuce. Ko zancen jirgin sama ake, sai ya ce shi ya buga wa direban takardar kama aiki.

A garin nasu itacen girki ya yi tsadar da mata ke jan sa sili-sili. Ana nan sai ga labari, wai yanzu kabon ya yi farashi a duniya, wata ƙungiya za ta zo neman wanda ya san harkar ya shugabanci kwamitin gari. Kujerar nan ta shiga ran Sallau, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

A teburin mai shayi ya bugi ƙirji, ya ce tun ba a haifi 'yan ƙungiyar ba yake cuɗanya da kabon. Ba wanda ya musa, don ba wanda ya san ko mene ne. Ya koma gida ya zazzago tsofaffin takardun kabon ɗinsa, baƙaƙen nan da ake sawa tsakanin takarda biyu don a sami kwafi. Ya ga ba su da yawa, ya sayar da akuyar matarsa, ya shiga birni ya kwashe na sauran masu tafireta kaf, kada wani ya riga shi.

Ranar taro a ƙofar gidan dagaci, jami'ar ƙungiyar, Malama Raliya, ko gaisuwa ba ta gama ba sai ga Sallau ya ratso jama'a yana gumi. Ya dire buhu, tim!

"Ranki ya daɗe, ga kabon nan, ɗan asali. A kawo sikeli."

Ta leƙa buhun, ta cije leɓe. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa kabon da suke nufi a cikin hayaƙi yake. Murhu mai cin itace kaɗan za su raba, in gari ya rage hayaƙi a biya shi ladan ragewar. A wasu ƙasashen ma, mai yawan hayaƙi shi ke biya.

Wuri ya kaure da dariya. Kunya ta kama Sallau, amma bakin nan bai mutu ba. Ya ce ai gwada ta yake, shara ce ya kwaso. Don a yarda, ya ƙyasta ashana ya jefa a buhun.

Fuu! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Dagaci ya hau tari, ƙwalla shaɓe-shaɓe, yana toshe hanci da rawani.

"Yauwa Baba Sallau," in ji Malama Raliya, "wannan shi ne kabon ɗin. Kai kaɗai ka yi na unguwa guda."

Dagaci ya share ido ya ce, "A rubuta sunansa a sama."

Sallau ya washe baki, ya fara gyara hula.

"A cikin masu biya."