Takardar da Na Rubuta Rabinta

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ba, domin a cikinta na kai Kawu Sale, ladanin unguwarmu, asibiti a Birnin Kudu, aka ce ciwon sukari ne. Malamin asibiti ya ba shi ƙwayoyi, ya shiga bayani, ni kuwa na zaro takarda ina rubutawa da ajami. Na rubuta "kada ya sha sukari" ke nan sai aka kira azahar. Na naɗe takarda na miƙe, mutumin bai rufe baki ba (a raina, me ya rage?).

Daga nan na zama likitan garinmu Dingaya. Ko rake Kawu ya kalla sai na zaro takarda.

Ɗaurin auren 'yarsa ya faɗo ranar Litinin. Kawu ya haɗiyi ƙwaya da sahur, ya ɗauki azumin nafila. Ana shafa fatiha gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, magana ba kan gado. Muka shigar da shi cikin gida. Inna Hanne, maƙwabciyarsa da ta yi jinyar mijinta da irin cutar, ta jiƙa sukari a kofi ta nufo shi. Na tare ta a gaban mata da baƙi, na ɗaga takarda, na ce jahilcinta zai kashe shi.

Ta ce, "Ɗan nan, sukarin ne ya ƙare masa. Bari ya kurɓa tun yana iya haɗiya."

Na karɓe kofin na zubar.

Kafin mu sami mota ya suma. A asibiti, ruwan sukari aka ƙara masa ta jijiya. Malamin ya ce ƙwaƙwalwa da sukarin jini take rayuwa, ƙwayar kuwa rage shi take yi, in babu abinci sai ya faɗi ƙasa. Abin da zai faɗa ke nan ranar da na naɗe takarda na tashi. Kawu ya farfaɗo, amma harshensa ya yi nauyi. Bai ƙara kiran salla ba har Allah ya karɓi ransa.

Shekaru na yi ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofar Inna Hanne. Da na ji tana kwance, na je na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta tambaya ko takardar tana nan. Na ce tana nan.

"To, ɗauko alƙalami ka cika ta."

Ita ta faɗa, ni na rubuta. Tun daga ranar ba na naɗe takarda sai mai magana ya yi shiru. Azahar ɗin ma da na yi wa gaggawa, sai da muka zauna jiran liman.