Ƙosai a Kan Gadon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Haushin Nasiru nake ji, ɗana, sannan haushin kaina.

Nasiru Baturiya ya aura, Emili, yarinyar da dama take ganin kamar ban karɓe ta ba. Da ta haihu, uwarta ta tuƙo mota daga garinsu Pleasant Garden har gidana a titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa, ta miƙo min kyauta a naɗe, tana ta cewa in buɗe. Ni kuwa 'yar Maraɗi, ina ni ina buɗe kyauta gaban mai ita kamar mayunwaciya? Na yi godiya, na tura ƙarƙashin kujera. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na cika ta da lemo.

Da ta tafi na duba. Wani zanen hoto ne a cikin firam, baƙi ƙirin kamar da gawayi aka yi shi: mace ta rungume jariri, namiji ya sunkuyo kansu, hannuwa manya-manya, fuskoki a karkace. Na ce wannan ko gamawa ba a yi ba. Firam ɗin dai ya yi kyau, sai na cire takardar na sa hotona na Makka. (Allah ya gani, hoton ya zauna daram.) Takardar kuma mai kauri ce, na adana ta a kicin.

Ranar suna ina tuyar ƙosai, takardar tsane mai ta ƙare. Kun dai gane.

Ni da kaina na kai tiren gaban surukata, uwar Emili. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki biyu, sai ga fuskar jariri ta leƙo daga ƙarƙashin ƙosai, tana ƙyallin mai. Sai matar nan ta fara hawaye. Emili ta tashi ta shige ɗaki.

Nasiru ya ja ni kicin. "Mama, kin san mene ne wannan? A kan dutse aka zana shi aka buga a takarda, ya fi shekara ɗari. Kakar uwar Emili ce ta taho da shi daga Jamus. Duk wadda ta yi jikan fari ita ake ba wa. Uwar Emili ta tsallake kanta ta ba ki!"

"To kai bakinka ciwo yake da ba ka faɗa min ba?"

"Cewa kika yi kar a koya miki karɓar kyauta."

Na faɗa ɗin kuwa, shi ya fi ƙona min rai.

Sai da na yi sawu uku Pleasant Garden ina ba surukar tawa haƙuri kafin Emili ta sake miƙo min jikana da hannunta. Zanen yana falona yanzu, uwarta ta ce nawa ne, da man da komai. Hajiyoyi in sun zo sai su tambayi abin da ya sami kan jaririn.

Yanzu ko goro aka ba ni a leda, a gaban mai shi nake kwancewa, in tambayi kakar wa ta bar shi.