Sikelin Dutse Ya Auna Jama'a

Duk faɗin Dutse babu wanda ya san abin da ke ran talaka kamar Malam Muntaka, har da shi talakan. Abokan aiki suna kiransa Sikeli, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka manna sunan a ƙofar ofishinsa. Aikinsa a wata ƙungiya mai haƙa rijiyar burtsatse shi ne auna ra'ayin jama'a shekara bayan shekara, a ga ko ruwa yana isarsu. Bana wa'adin aikinsa zai ƙare, sabuntawa kuwa sai yadda rahotonsa ya kaya. Aka ce ya kwatanta hanyoyin bincike biyu, ya faɗi wadda ta fi.

Ta farko ita ce tasa ta ƙashin kansa: ido da ido, mutanen bara su ne na bana. Yakan sauka a wani ƙauye bayan Jahun, a shimfiɗa masa darduma a ƙofar gidan mai gari, a kawo fura, a tara magidanta. Sai ya gyara babbar riga.

"Ban zo in saka muku amsa a baki ba, kimiyya ta hana. Ku dai sani da sa hannuna aka haƙa rijiyar nan. To, kun gamsu?"

Wa zai dubi baƙo a gaban mai gari ya ce masa kyautarsa ta mutu? Kowa ya ce alhamdulillahi. Wani dattijo, Malam Uwaisu, shi kaɗai ya gwada.

"Ranka ya daɗe, ai tun damina famfon nan..."

"Baba! Bara ka ce ka gamsu, waccan ma haka. Dattijo da magana biyu? So kake ka karya mini jerin amsoshin shekaru?"

Tsoho ya ji kunya, shi ma ya ce alhamdulillahi. Ana haka mata suka gifta da jarkoki a ka, daga kududdufi. Sikeli ya yaba da ƙwazon matan karkara, ya ƙara ludayin fura.

Hanya ta biyu hedikwata ce ta tilasta masa: a buga waya, kowane zagaye da sababbin mutane. Nan ba mai gari, ba darduma, kuma yawanci mata ne suka ɗauka. Ai kuwa suka zazzage cikinsu tas. Famfo ya daɗe da mutuwa, yara suna fama da gudawa, ruwan sha kamar kunun kanwa. Abin tausayi ne ga duk mai zuciya, amma Sikeli haushi ya ji.

"Waya tana zubar da tarbiyya," in ji shi. "Wanda ba ya kallon ƙwayar idonka, abin da ya ga dama yake faɗa. Wannan ba ra'ayi ba ne, tsegumi ne. A soke shi."

Ranar gabatar da rahoto zauren taro ya cika. Sikeli ya haska zane a bango, layin gamsuwa yana hawa har ya rasa inda zai ƙara hawa. Aka tafa. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Sa'adiyya, ta miƙe.

"Madalla da Malam Muntaka. Tunda kowa ya gamsu, hedikwata ta ce an cimma buri. Za a rufe shirin a Jigawa, a koma inda ake da bukata."

Sikeli ya bar zanensa a bango. Ya matso yana rage murya.

"Hajiya, to baɗi wa zai auna su?"

"A auna me kuma, Malam?"

"Wato... na wayar nan fa, da na sake nazari, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa."

Hajiya ta ce rahoton ya riga ya isa hedikwata da sa hannunsa. Sannan ta roƙi jama'a su ƙara masa tafi.