Rikodin Ɗin da Na Yi wa Sadiq

Sadiq, abokin ɗakina a unguwar Wangsa Maju, ya sayi tikitin wasan mawaƙan rock da yake mutuwar so, sai aka sa masa jarrabawa washegarin wasan. Ya miƙa mini tikitin kamar mai ba da amanar ɗansa. "Abu ɗaya nake so, mutumina. Ka ɗauko mini sautin tsaf, ban da hayaniya."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, gwani ya samu.

A filin wasa na Bukit Jalil na kunna rikoda, na zura wayar a aljihun ƙirjina, na kama aiki. Wasu samari suna ihu a bayana, na juya na ce, "Shhh, rikodin nake yi, lah," har da "lah" ɗin da 'yan garin ke ƙarasa magana da shi. Suka yi tsit. Wani ƙato ya fara fito, na harare shi har ya haɗiye abinsa. Kafin waƙa ta uku, layi biyu suna tafi a hankali don tsorona.

Bayan jarrabawar, a mamak, shagon shayi da abinci, na ajiye wayar gaban Sadiq da abokanmu, na kunna, na harɗe hannu. Jita da ganga can nesa ake jin su. Awa biyu cur, daga "shhh" sai muryata tana bin kowace waƙa kamar akuyar da aka ɗaure a rana.

Sadiq ya ce, "Gaskiya ka kori masu hayaniya. Saura mutum ɗaya."

Har yau ina buɗe baki, teburin duka sai ya ɗauki "shhh". Su yi ta yi. Wa ya taɓa sa Bukit Jalil shiru a cikinsu?